Hagun Baba Maccido

A Tashar Marke ta Kaura Namoda, in rigima ta tashi tsakanin direbobi, ba a zuwa wajen 'yan sanda, ba a zuwa wajen alƙali. Benci ake nufa. Dogon benci ne na katako da ke jingine da bangon ofishin ƙungiya, kuma tsakiyarsa ta Baba Maccido ce. Shekara talatin ya yi yana jan mota tsakanin Kaura da Shinkafi da Zurmi kafin gwiwa ta ce masa ya isa haka. Direbobi suka ce to tunda ba za ka ja mota ba, zauna ka riƙa raba mu. Shekara goma sha ɗaya ke nan yana rabawa.

Ba mai dukiya ba ne. Abin da yake tinƙaho da shi ɗaya ne tak, kuma ba ya gajiya da faɗinsa: "Ni dai ban taɓa yanke ma mutum hukunci ban ji ta bakinshi ba." Ya faɗa a tasha, ya faɗa a majalisar ƙofar gida, ya faɗa wa matarsa Tani har ta haddace, wani lokaci ma ita ke ƙarasa masa. Kuma a iya saninsa ba ƙarya yake ba. Da za a cire masa wannan, shi kansa bai san abin da zai rage na Maccido ba.

Zaman bencin nan yana da tsari, ko da yake ba wanda ya taɓa rubuta shi. Babba a cikin masu rigima shi ke zama a damar Maccido, don ba a ajiye dattijo a hagu. Ƙarami ya zauna a hagu, ko ma ya cire takalmi ya tsuguna a gefen benci, ya sunkuyar da kai, ya yi magana ƙasa-ƙasa. Wanda ya ɗaga murya ko ya zuba wa dattijo ido, ai tun kafin a ji maganarsa an san irin gidan da ya fito. A hagun bencin kuwa, bayan katanga, injin niƙa ne ke ta faman aiki, daga can sai masu gyaran babura, sai 'yan kamasho suna ta kiran Shinkafi saura mutum ɗaya tun safe har la'asar sakaliya.

Cikin daminar nan aka kawo masa maganar Namadi. Namadi direba ne ɗan shekara talatin da 'yan kai, da mata da 'ya'ya biyu, yana jan tsohuwar motar wani ɗan kasuwa. Wanda ya kawo ƙararsa Alhaji Tsoho ne, wanda ya girmi kusan kowa a layin Shinkafi. Ya ce ranar Alhamis, ranar kasuwar Shinkafi da kowane direba ke jira, shi ne na farko a layi, ya ɗan zagaya, kafin ya dawo yaron nan ya kwashe masa fasinja ya yi gaba. Alhaji Tsoho Allah ya hore masa murya. In yana magana, har mai shayi na tsallaken titi yana bin labarin. Da ya gama, Maccido ya juya hagu.

"To Namadi, kai mi za ka ce?"

Namadi yana tsugune, kansa a ƙasa. Maccido ya ga gemunsa yana motsi, ya ji wani ɗan gunguni a ƙarƙashin ƙarar injin, irin na wanda aka kama dumu-dumu yana kame-kame. Ya jira ya ji magana ta fito. Gungunin ya tsaya.

"Ba ka da ta cewa ke nan," in ji Maccido.

Namadi ya ɗago ya dube shi sau ɗaya, ya mayar da kai ƙasa. Hukuncin satar layi sananne ne, wata uku ba lodi a tasha. Mai mota kuwa ina zai jira wata uku? A satin ya karɓe makullinsa ya ba wani. Namadi ya kwashe iyalinsa ya koma Zurmi wajen surukinsa. Maccido bai ji daɗi ba, don yaron ba shi da hayaniya, amma ya ce wa kansa doka ce ta hau shi. Ya ƙara da ƙorafin da ya daɗe yana yi, cewa yaran yanzu ba sa buɗe baki, sai ka ce da tuwo a ciki suke magana.

To, yana da 'yar auta, Rahina, wadda ke shekarar ƙarshe a makarantar kimiyya da fasaha, kuma lokacin aikin bincikenta na kammala karatu ya zo. Alhamis biyu a jere ta bi ƙanwar uwarta zuwa kasuwar Shinkafi da wata 'yar na'urar ɗaukar sauti. Ta tsaya a kara ta ɗauki kukan shanu da cinikin dillalai, ta tsaya wajen masu awo, ta tsaya kusa da lasifikar mai maganin gargajiya. Ta dawo hannu rabbana tana murna.

"Ikon Allah," in ji Maccido. "Mutane na tahiya kasuwa su sawo albasa, ke kin tahi kin kwaso hayaniya. Wagga da muke da ita tasha ba ta ishe ki ba?"

Rahina ta yi dariya ta zauna a bakin tabarmarsa. "Baba, in mutum biyar na magana lokaci guda, mi ke sa ka iya bin ɗaya ka bar huɗu?"

"Hankali."

"Da hankali, amma da kunne biyu."

Ta yi masa bayani a tsanake, yana shan kunu yana yi kamar ba ya saurare. Ta ce in murya ta taso daga dama, tana riga isa kunnen dama da ɗan taƙi, abin da bai kai ƙiftawar ido ba, kuma tana isa na hagu da ɗan rauni saboda kai ya tare ta. Da wannan ɗan bambancin ƙwaƙwalwa ke gane inda kowace murya take, ta ware wadda take so daga cikin tarin. Ta ce kwamfuta tana iya kwaikwayon haka. Za ta ɗauki murya ɗaya, ta jinkirta ta kaɗan a kunne ɗaya, ta rage mata ƙarfi, wanda ya sa iyafis, abin sauraron da ake sawa a kunne, sai ya rantse mai maganar yana tsaye a damarsa ko a hagunsa, alhali ba kowa. Abin da take son sani shi ne, in aka zuba wa mutum hayaniyar kasuwa a kunne aka sa masa magana a ciki, shin in aka matsar da muryar gefe guda zai fi fahimtarta, kuma da nawa. An gwada da wasu harsuna, ita da Hausa za ta gwada, da hayaniyar kasuwarmu.

"Yaudarar kunne ke nan," in ji shi. "Karatun zamani dai ba ya rasa abin ban mamaki."

Amma ya ji daɗi a ransa, kuma da ta ce tana son mutanen da suka saba da hayaniya, shi da kansa ya ba ta ofishin ƙungiya bayan azahar. Murtala, sakataren ƙungiya, shi ya fara zama. Aka ɗora masa babban iyafis irin mai rufe kunnuwa duka. Can sai aka ga ya zabura ya waiwaya damarsa yana neman wanda ya yi masa magana, ya tarar da bango. Direbobin da suka cika taga suka kwashe da dariya, daga nan kuma kowa ya ce sai ya gwada. Kwana huɗu tana abu ɗaya. In muryar da hayaniyar suka fito daga wuri ɗaya, daga gaba, cikin jimla goma mutum ya maimaita huɗu ko biyar daidai. In ta matsar da muryar gefe ta bar hayaniyar a ɗaya gefen, sai ka ji takwas, tara. Direbobi dai ba a raba su da gasa, nan da nan suka mayar da abin musu, wane ya fi wane kunne.

Maccido ya ƙi zama. Ya ce shi ba yaro ba ne da za a ɗaura masa faifai a kai a gaban 'yan kamasho. Sai ranar Juma'a da yamma, a gida, bayan an sheƙa ruwa an ɗauke, gari ya yi lum, ba abin da ake ji sai ɗigar indararo. Yana zaune a rumfa, Tani tana bakin ƙofar ɗaki tana tsinke zogale. Rahina ta fito da kwamfutarta ta ce dattawa biyu kawai ta samu, malaminta kuma ya ce sai ta ƙara.

"Kawo," in ji shi. "Bari ki ga kunnen mutanen da."

Ta ɗora masa. Kasuwar Shinkafi ta faɗo masa a kai gaba ɗayanta, da shanunta da baburanta da mai maganinta. A tsakiyar wannan ruɗani wani namiji ya fara magana. Maccido ya runtse ido ya bi shi da ƙyar. An kai buhu uku na gero Sakajiki, wannan ya kama ta. Ta biyu ta sulale. Ta uku ya ji akuya, bai ji wanda ya saye ta ba. Da aka gama goma, uku ya samu.

"Wanga mutum shi ma ba ya buɗe baki," ya ce.

"Yanzu zan kai shi damarka, Baba, in bar kasuwa hagu."

Kai, sai ga magana tar, kamar mutumin ya jawo kujera ya zauna kusa da shi, kasuwar kuma ta ja baya can nesa. Rekiya ta sayi jar akuya a Kasuwar Daji. Motar Katuru ta cika tun da hantsi. Goma cif ya jero mata, ko numfashi bai tsaya yi ba. Ya gyara zama yana murmushi, ya ce ta rubuta da kyau, ta kuma gaya wa Murtala.

"Saura hagu," in ji Rahina.

Kasuwar ta dawo, wannan karon da ƙarfinta duka. Ya jira mutumin. Ya ji wani abu can ƙasa, ba magana ba, wani ɗan gunguni da ke tasowa ya kwanta. Ya ci gaba da jira.

"To ki sa shi mana."

"Na sa, Baba. Ya faɗi uku."

"Abin naki ya lalace."

Ita ma haka ta zata. Ta cire iyafis ɗin ta sa a kanta, ta saurara, ta duba wayar iyafis ɗin, ta sake saurare. Sannan ta mayar masa da shi a juye, na dama a hagu, na hagu a dama, ba ta taɓa komai a kwamfuta ba. Nan take mutumin ya fito sarai yana maganar buhun gero. Rahina ta kashe sautin. Ba ta yi rubutu ba. Ta cire masa iyafis ta ajiye, ta zagaya bayansa, ta kai hannu kusa da kunnensa na dama ta murza yatsu biyu.

"Ka ji?"

"Awo."

Ta koma ɗaya gefen. Ya jira, bai ji komai ba. Ya juyo don ya ce mata ta yi mana, sai ya ga yatsunta dab da kunnensa suna ta murzawa, ita kuma idonta ya kawo ruwa.

"Ya kai shekara shida," in ji Tani daga bakin ƙofa, ba ta ko ɗago daga zogalenta ba.

"Shekara shida kinka yi shiru?"

"Na faɗa maka sau guda, Malam. Ka ce ni ce ba ni buɗe baki. Sai na koma zama damarka."

Rahina ta ce ita ba likita ba ce, sai sun je Gusau an duba shi sosai. Ta ce mai yiwuwa shekarun da ya yi kunnen nan yana bakin tagar mota ne, iska da ƙarar inji suna dukansa, mai yiwuwa kuma wani abu ne daban. Ta ce irin wannan a hankali yake zuwa, ɗayan kunnen yana rufa wa mutum asiri, sai a cikin hayaniya abin ke tonuwa. Yana jin ta, amma hankalinsa ba ya Gusau. Wannan gungunin da ya ji a iyafis, ya san shi. Ya ji irinsa a gefen benci, daga bakin mutumin da ke tsugune kansa a ƙasa. Ashe ba kame-kame ba ne. Haka cikakkiyar magana ke zama in ta biyo ta hagunsa cikin ƙara. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba ko a kan hanya, kuma tuwon ranar nan loma biyu ya yi ya ture kwano.

Da safe ya kira Murtala cikin ofis, ya ce ya rufe ƙofa, ya zaunar da shi a damarsa.

"Ran da munka yi zaman Namadi, ya yi magana?"

Murtala ya dube shi da mamaki. "Ai kana wurin, Baba."

"Tambayarka nike. Ya yi magana?"

"Ya yi. Mai tsawo ma. Cewa ya yi wai Alhaji ne da kanshi..."

"Bari," in ji Maccido, ya ɗaga hannu. "Ba daga bakinka zan ji ta ba. Ku da kunka ji, mi ya hana ku ce wani abu?"

Murtala ya sosa ƙeya. "Mun ɗauka ka ji. Mun ce ba ka son a kunyata Alhaji cikin mutane ne."

Wannan ta fi masa ciwo a kan mutuwar kunnen. Wato duk wanda ke wurin ya tashi da cewa Maccido ya ji gaskiya ya take ta, kuma ba wanda abin ya ba mamaki har ya buɗe baki. Ya tambayi inda surukin Namadi yake a Zurmi, aka ce faci yake yi a bakin hanya kafin a shiga kasuwa.

Yanzu ba a kama hanyar Zurmi da sassafe kamar da. Sai rana ta ɗaga, motoci sun taru uku ko huɗu, a tashi tare. Washegari da ya zo tafiya, aka ba shi gidan gaba don girmamawa. Direban mai surutu ne, tun daga fitarsu Kaura bakinsa bai huta ba, kuma yana hagun Maccido. Da, sai ya riƙa gyaɗa kai yana cewa haka ne, yana jin haushin yaron da ba ya buɗe baki. Yau kallon leɓen kawai yake yi, yana tunanin sau nawa ya ce haka ne a kan abin da bai ji ba. Gero ya fitar da kai a gonakin hanya, dawa ta yi duhu, mata suna tafe da ƙwaryar nono a gefen titi. Hanya lafiya lau, suka isa kafin hantsi ya gama.

Ya hango Namadi tun daga nesa, a durƙushe kan tayar babur, injin iska yana ta tatata a bayansa. Ya rame. Da ya ga wanda ya sauko daga mota, ya saki ƙarfen hannunsa ya taso da sauri, ya cire takalmi ya tsuguna.

"Baba, lahiya? Kai da kanka?"

"Lahiya lau. Ina akwai wurin da ba ƙara nan kusa?"

Namadi ya gaya wa surukinsa, ya ɗauko tabarma, suka zagaya bayan wani masallaci inda wata darbejiya ta yi inuwa. Ba kowa sai tumaki biyu a kwance. Maccido ya zauna. Namadi ya zagaya hagunsa ya tsuguna a gefen tabarma, kamar yadda aka koya masa tun yana yaro.

"Dawo nan," in ji Maccido, ya dafa damarsa.

"A'a Baba, nan ma ya yi."

"Dawo nan na ce."

"Wallahi nan ya yi."

Ka ji tarbiyya, ita ce dai ta kai su inda suke. Maccido ya bar shi a inda yake. Ya dafa ƙasa ya miƙe, gwiwoyinsa suna ƙara, ya zagaya ya zauna a ɗaya gefen Namadi, a kan ƙasa, inda tabarma ba ta kai ba. Namadi ya rikice zai tashi, Maccido ya riƙe masa hannu.

"Zauna. Kunnen ga na hagu ya mutu, Namadi. Shekaranjiya ɗiyata ta gano. Ran da munka yi zamanka da Alhaji Tsoho, ban ji ka ba. Ko kalma guda ban ji ba. Na ga bakinka na motsi na ɗauka kame-kame kake. Yanzu ina son ka faɗa mani abin da ka faɗi ran nan. Ka ɗaga kai ka dube ni, ka ɗaga murya, ba rashin kunya ba ne, ni na sa ka."

Namadi ya daɗe yana kallon kunnen, kamar zai ga mutuwar a jikinsa. Sannan ya fara, da farko a hankali, har sai da Maccido ya ce ƙara.

Ya ce ranar Alhamis ɗin nan tun da asuba jita-jita ta cika tasha cewa an ga mutanen daji a hanyar Shinkafi. Ba wanda ke son zama motar farko. Alhaji Tsoho ya kira shi bayan teburin mai shayi, ya ce jikinsa ba daɗi yau, shi Namadi ya ɗauki layinsa ya tafi. Shi kuwa ba ya iya ce wa sa'an ubansa a'a, ga kuma iyali. Ya yi lodi ya kama hanya yana ta addu'a, fasinja sun yi tsit har Shinkafi, Allah ya sa ba komai. Da ya dawo ya tarar abokan wasan Alhaji sun sa shi gaba, wai tsoro ya hana shi fita ya tura yaro. Sai Alhaji ya ce shi bai tura kowa ba, sace masa layi aka yi.

"Haka na faɗi, Baba. Na ce a kira mai shayi a tambaye shi, shina tsaye anka yi. Sai ka ce ba ni da ta cewa."

"Mi ya hana ka sake faɗi?"

"In sake ƙaryata Alhaji gabanka, bayan ka ce haka?"

Maccido ya rufe ido. Kunya ta lulluɓe shi tun daga kai har ƙafa. Mutum ya ɗauki ransa ya shiga hanyar da manya suka ji tsoro, ya dawo, an saka masa da raba shi da abincinsa, kuma da bakin Maccido aka yi. Ya roƙi Namadi ya yafe masa. Ya faɗa sau biyu, a fili, ba kwana-kwana. Ya ce gobe zai tara ƙungiya, a kira mai shayi, a kira Alhaji Tsoho, zai faɗa wa kowa abin da ya faru da kunnensa. Zai je wajen mai motar da ƙafarsa, in ta ƙi samuwa a nemi wata.

"Allah shi saka da alheri, Baba," in ji Namadi. "Ni ban riƙe ka ba ko kaɗan. Ai tun kan in tsuguna na san yadda za ta kaya."

"Kamar yaya ka sani?"

Namadi ya yi ɗan murmushi, irin na mai faɗin abin da kowa ya sani. Ba da gori ya faɗa ba, lallashi ma yake yi.

"Ai yaran tasha duk sun sani. Wanda ya zauna hagun Baba ya riga ya faɗi. Muna cewa Baba ba ya ba ƙarami gaskiya kan babba, haka tsarin yake, sai haƙuri. Wasu ma in anka kira su ba su wahal da bakinsu."

Tumakin nan suka tashi suka canza wuri. Daga bakin hanya ana jin injin iska sama-sama. Maccido yana zaune a ƙasa, hannunsa a kan gwiwa, yana kallon tururuwa suna jan ƙwayar hatsi. Ya zo Zurmi ne da nufin gyara kuskure ɗaya. Shekara shida, in ji Tani. A wata ɗaya ma zama nawa ake yi a bencin nan? Duk tsawon lokacin da yake bugun ƙirji a majalisa, ashe wannan ne sunansa a bakin yara, kuma sun girmama shi har ba su bari ya sani ba.

"Su wa?" ya ce.

"Baba?"

"Waɗanda sunka zauna hagu sunka faɗi. Waɗanda ka sani. Faɗa mani su, da abin da ya haɗa su da wa."

Namadi ya so ya kauce, ya ce abin ya wuce, amma ya ga fuskar dattijon ya san ba zai bar shi ba. Ya fara da Hafiz, wanda aka ce ya goge wa wani Alhaji mota a wajen lodi, alhali motar a goge ta shigo. Hafiz yana Gusau yanzu yana jan keke mai ƙafa uku. Sai wani Ubaidullahi da aka kora daga kamasho a kan kayan fasinja da suka ɓata, daga baya aka gan su a but ɗin wata mota, ba wanda ya koma ta kansa. Sai Sadiya mai abinci, da aka tashe ta daga gindin marke aka ba wata dattijuwa wurin. Maccido yana tuna kowane zama. Yana tuna abin da na dama ya faɗa, har da yadda ya faɗe shi. Na hagu kuwa ba abin da ya rage masa sai ƙeyar mutum da kai a sunkuye.

"Sai Abbati," in ji Namadi, "wanda anka ce ya zagi ciyaman. Shi kam har kuka ya yi ran nan, shina rantsuwa ba shi ba ne."

"Ina yake yanzu? Shi zan fara nema."

Namadi ya sauke kai, sannan ya tuna, ya ɗago ya dube shi.

"Ai Abbati ya rasu, Baba. Bara da azumi."

Maccido ya ɗaga hannuwa. Ya yi wa mamacin addu'a a hankali, ya shafa. Sannan ya ƙara matsowa, ya karkato kansa sosai wajen bakin Namadi.

"Ci gaba," ya ce.